Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kebbi Kan Karkarwar Da Muke Kira Tsufa

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ana fama da jama'a lafiya, Allah ya taya riƙo. Ni malamin makaranta ne a Argungu, ilimin halittu nake koyarwa a sakandare. Ban taɓa riƙe allura ba, don haka idan na yi tuntuɓe a maganar likitanci likitocinka su gyara mini. Mahaifina ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi da sauran dattawa irinsa da na fara ganewa a masallaci da kasuwa tun da idona ya buɗe a kan wannan ciwo na karkarwa da likitoci ke kira Fakinsan.

Daga rubutu abin ya faro. Baba malamin allo ne kuma manomin shinkafa, hannunsa sananne ne a unguwarmu, ko daga nesa ka hango allo ka san shi ya rubuta. Sai muka lura layin farko yana fita ɓaro-ɓaro, na biyu ya ɗan ƙanƙance, kafin ya kai gindin allo baƙaƙen sun koma kamar sawun tururuwa, har almajiri ya dawo yana cewa bai gane ba. Daga nan sai hannun dama. Idan ya ajiye shi a cinya, babban yatsa da manuni su riƙa murzar juna kamar mai jan carbi, ga shi babu carbin. Da ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai karkarwar ta lafa. Murya ta yi ƙasa har na bayan da'ira ba sa jin biyawarsa. Fuska ta daskare, ba fara'a ba ɓacin rai, Inna ta yi wata uku tana zaton wani laifi ta yi masa.

Kowa ya zo dubiya da nasa sunan ciwon. Wannan ya ce tsufa ne, a yi haƙuri. Wancan ya ce iskar ruwa ce ya kwaso a fadama. Wata gwaggonmu ta rantse sammu ne, har ta faɗi wanda take zargi, zumuncin gidaje biyu ya yi sanyi a kan haka. Rago ya tafi, turare ya ƙone, an sha saiwoyi. A wani asibiti aka auna jininsa, aka ce lafiya lau, aka ba shi maganin ƙarin jini. Shekara biyu muna wannan zagaye kafin wani likitan jijiyoyi a Sakkwato ya ce masa ya tashi ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo, ya sa shi haɗa yatsu biyu da sauri yana buɗewa, ya kama gwiwar hannunsa ya lanƙwasa ya miƙe. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba, ba hoto ba na'ura, ya ce cutar Fakinsan ce. Wannan minti goma sha biyar ɗin ita ce ta tsaya mini a rai, domin babu abin da ya yi da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ba zai iya koya ba, aƙalla har ya yi zargi ya tura mutum gaba.

Na koma na yi karatu, kamar yadda duk wanda abu ya shafa yake yi. Ciwon ba baƙo ba ne ga ilimi. Tun 1817 wani likitan Landan, James Parkinson, ya siffanta shi a jikin mutum shida, wasunsu ma a titi ya hango su. Amma sai bayan shekara ɗari da arba'in aka gane sinadarin da ke ƙarewa a ƙwaƙwalwar masu shi. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhu da likitoci ke kira sabstanshiya nigira, ma'anarsa baƙin abu. Ƙwayoyin jijiyar da ke nan su ke samar da sinadarin dofamin, su aika shi zuwa wasu curarrun ƙwayoyi da ake kira basal gangiliya. A 1957 Arvid Carlsson a Suwidin ya ba zomaye wani magani da ya kwantar da su ba sa motsi, sannan ya ba su lebodofa, abin da jiki ke mayarwa dofamin, suka miƙe suna tsalle. Wannan aiki ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. A 1960 kuma Oleh Hornykiewicz a Biyana ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon, ya tarar dofamin ɗin wurin ya ƙare. Daga 1967, bayan aikin George Cotzias a Amurka, lebodofa ta zama maganin sha.

Yadda nake yi wa ɗalibaina bayani shi ne da babur ɗin kabu-kabu. A cikin basal gangiliya hanyoyi biyu ne saƙon motsi ke bi: ɗaya aikin totur take yi, ta ce tafi, ɗaya aikin birki, ta hana duk motsin da ba a buƙata. Dofamin shi ne hannun da ke murza totur yana sassauta birki a lokaci guda. Idan ya yi ƙaranci, totur ya mutu, birki ya kama ya ƙi saki. Injin lafiyarsa ƙalau, mai yana nan, taya ba ta face ba. Shi ya sa wannan ciwo ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki da mutanenmu ke rikita shi da ita. Ƙarfin Baba yana nan, in ya damƙe hannunka sai ka ji. Umarnin ne ba ya fita a kan lokaci. Da kansa ya faɗa mini wata rana a ƙofar zaure, ya tsaya cak kamar an dasa shi: "Ni na tai, ƙahwar ce ta ƙi jin magana."

Yadda aka gano ainihin inda birkin ya maƙale labari ne mai ban mamaki. A 1982 a Kalifoniya wasu matasa masu allurar ƙwaya suka sami gurɓataccen haɗi, cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin da suka shekara ashirin da ciwon. Likita William Langston ya gano gubar da ke ciki, ana ce mata MPTP, wadda ke zaɓar ƙwayoyin dofamin ta kashe. Da wannan guba masu bincike suka haifar da ciwon a jikin birai, suka saurari ƙwaƙwalwarsu da siraran wayoyi. Mahlon DeLong da abokan aikinsa suka ji wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake ba, sabtalamus, yana harbi fiye da ƙima, shi ke ƙara danne birkin. A 1990 suka lalata wurin a jikin biran, biran suka saki jiki. A Faransa kuma, a garin Girenobul, likitan tiyata Alim-Louis Benabid ya riga ya lura tun 1987 cewa ba sai an ƙona wuri ba: idan aka sa waya aka riƙa aika ɗan lantarki da sauri, kamar sau 130 a daƙiƙa, karkarwa tana tsayawa. A 1993 ya kai wayar sabtalamus. Yau dubban mutane a duniya suna yawo da waya a ƙwaƙwalwa da ɗan batir a ƙarƙashin ƙashin wuya.

Binciken baya-bayan nan ya nuna abin ya wuce yawan harbi kawai, har da salon kiɗan. Duk wanda ya tsaya bakin kogin Matan Fada ranar kamun kifi ya san kalangu yana magana ne saboda bugunsa yana sauyawa, sama da ƙasa, sauri da jinkiri. Da makaɗa za su haɗu duka su riƙa buga dum, dum, dum iri ɗaya, ƙara za a ji, ba za a ji kirarin kowa ba. Haka ƙwayoyin basal gangiliya suke yi idan dofamin ya ƙare: su kulle cikin bugu ɗaya, tsakanin sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa, saƙon motsi ya rasa ta inda zai ratsa. Lebodofa tana warware wannan kulli, lantarkin ma haka. A 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da ke sauraron bugun da kanta, ta ƙara wuta idan ya yi ƙarfi, ta rage idan ya lafa.

Ranka ya daɗe, ban kawo wannan don in roƙi a sa wa Baba waya a kai ba. Na san inda muke. Na kawo shi ne don a ga tazarar: duniya ta kai ga na'urar da ke sauraron ƙwaƙwalwa, mu kuwa ƙwayar 1967 muke nema muna rasawa.

Ranar da Baba ya fara shan lebodofa da karbidofa, abokiyar haɗinta mai taimaka mata ta isa ƙwaƙwalwa, ba zan manta ta ba. Cikin 'yan makonni ya koma ɗaura rawaninsa da kansa, ya yi sallah a tsaye bayan ya daɗe yana yin ta a zaune, Inna ta ce ta ga murmushinsa. Maganin ba ya warkarwa, ƙwayoyin da suka mutu sun mutu, kuma bayan shekaru ƙarfinsa kan riƙa gushewa kafin lokacin shan na gaba, wasu kuma ya sa musu mutsu-mutsun da ba su yi niyya ba. Amma shekarun da yake saya wa mutum ba wasa ba ne. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Duk da haka na sha zagaya kemis-kemis daga Argungu zuwa Birnin Kebbi a ce babu, sai na aika Sakkwato ko Kano, a kawo a motar haya, kuma kuɗin na wata guda yana cin babban kaso na albashina. Wanda ba shi da ɗa mai albashi fa? Wani wata da maganin ya yanke kwana tara, Baba ya kasa juyawa a kan gado, sai mun juya shi. Likitan ya gargaɗe mu cewa yanke shi farat ɗaya yana iya kai mutum ga zazzaɓi mai zafi da sandarewa mai hatsari. Kenan rashinsa a kanti ya wuce rashin jin daɗi. Roƙona na farko shi ne a sa wannan magani cikin waɗanda jiha ke saye da yawa ta ajiye a manyan asibitocin masarautu huɗun nan, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, ta ɗauke shi cikin abin da take biya wa masu rajista.

Akwai wani abin takaici da ya kamata ka sani. Abin da ake samu a sauƙaƙe shi ne benzekzol, wanda matasa ke kira Exol suna sha don maye. Asalinsa maganin wannan ciwon ne, yana rage karkarwa, amma ga tsoho yana kawo rikicewa da mantuwa da riƙewar fitsari. Shi wani mai kemis ya fara ba mu kafin mu ga likita. Kwana biyar Baba ya fara gaisawa da mutanen da ba sa ɗakin, gwaggo kuwa ta ce ai ga shaida, dama ta faɗa. Da na koma neman bayani, kallon da yaron shagon ya yi mini kallon ɗan ƙwaya ne. Maganin tsofaffi ya koma hannun yara, na ainihin kuma babu shi.

Sannan ba duk mai karkarwa da sandarewa ne yake da Fakinsan ba. Wasu magunguna suna toshe wurin da dofamin ke sauka, su haifar da kamanninsa sak: halofaridol da Largactil da ake ba masu taɓin hankali, da metokulofuramaid da ake sayarwa barkatai don amai. Irin wannan yakan warware idan likita ya sauya maganin. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke kwance ana cewa ciwonsu ya ƙaru, alhali allurar da ake yi musu ce? Wannan darasin kwana ɗaya ne a makarantar koyon aikin lafiya ta Jega da makarantun jinya. A haɗa da alamomin da ke riga karkarwa zuwa da shekaru: mutum ya daina jin ƙamshi, bayan gida ya riƙa yi masa wuya, ya riƙa naushi da ihu cikin barci yana aikata mafarkinsa. Duka ukun Baba ya yi su, Inna ta tuna daga baya. Na ukun nan kuwa mun san sunan da ake ba shi a gidajenmu.

Zan taɓo maganar gona, ko da yake na san ba ofishinka kaɗai ta shafa ba. Kebbi tana alfahari da shinkafa, a nan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, kuma tun daga lokacin feshi ya zama ruwan dare daga Suru zuwa Augie. Bincike da dama a tsakanin manoman Amurka ya sami alaƙa tsakanin maganin ciyawa na farakwat da wannan ciwo, kuma ƙirar sinadarinsa ta yi kama da ta gubar da ta sandarar da matasan Kalifoniya. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Alaƙa ba hukunci ba ce, kuma mafi yawan masu ciwon ba a iya nuna abu guda a ce shi ne sanadi, shekaru da gado da muhalli duk suna da hannu. Amma na ga Baba shekara da shekaru yana goye da tankin feshi mai yoyo a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya gama ya ɗauraye hannu a ruwan kwari ya ci tuwo. Yanzu ƙannena ke yin haka. Idan malaman gona da ma'aikatan lafiya suka haɗa baki a rediyo kafin damina, ba a yi asarar komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Yawancin abin da aka sani game da gadonsa daga jinin Turawa aka samo shi, kuma an ga ba lallai ya dace da mu ba. Wani sauyin ƙwayar gado mai suna LRRK2 ya yi yawa a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka, da aka neme shi a Najeriya kusan babu. A 2023 kuma wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara hatsarin ciwon ga 'yan asalin Afirka, wanda da wuya a same shi a jinin Bature. Da jinin 'yan Najeriya aka yi wannan aiki. Muna da asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi, muna da jami'a a Aliero da ta tarayya, muna da dubban manoma masu feshi a wuri guda, abin da mai binciken muhalli zai yi tattaki ya nema. Abin da ake fara buƙata littafi ne kawai: duk wanda aka gano da ciwon a rubuta shekarunsa, garinsa, sana'arsa, abin da yake fesawa, da maganin da yake sha. Asibitin da ke da irin wannan rajista shi ake gayyata teburin bincike, kuma da ita kai ma za ka san kwali nawa za ka saya.

Wani abin da ya ba ni dariya da haushi lokaci guda shi ne karara. Wannan tsiron da muke gudu a daji saboda ƙaiƙayinsa, 'ya'yansa suna ɗauke da lebodofa. Likitocin Italiya tare da takwarorinsu a Gana sun gwada soyayyen garinsa ga marasa lafiyar da ba su da kuɗin ƙwaya, suka ga yana aiki. Ba ina cewa kowa ya shiga daji ya tsinko ba, don yawan sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, kuma wuce ƙima yana kawo amai da rikicewa. Aikin masu ilimin haɗa magunguna ne su auna namu, su faɗi awo. Ga ɗalibai a Aliero suna neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai.

Ƙananan abubuwa ma da za a faɗa wa iyali a takarda guda da Hausar boko da ajami suna sauya rayuwa. Mun yi watanni Baba yana haɗiye ƙwayarsa da fura da nono, muna mamakin me ya sa ta safe ba ta kamawa, sai daga baya muka ji cewa nono da nama da wake da kifi suna gasa da lebodofa wajen shiga jini. Aka matsar da ita rabin awa kafin karin kumallo, shi ke nan. Mun kuma koyi cewa zama wuri ɗaya abokin ciwon ne, tafiya da motsa jiki kullum suna cikin magani, mu da muke hana shi tashi don tausayi ashe cutarsa muke yi. Azumi kuwa sai an zauna da likita da malami, domin ƙwayar da ake sha sau uku ko huɗu a yini ba ta haɗuwa tsakanin magariba da asuba.

Sai dabarar ƙofar zaure. Da yake totur na cikin kai ne ya lalace, ƙwaƙwalwa tana iya karɓar umarni daga waje ta wata hanyar da ba ta bi ta basal gangiliya sosai, ta ido ko ta kunne. Likitan ya ce mu ja layuka a ƙasa. Na ɗauki gawayi na ja guda biyar daga bakin ƙofa zuwa tabarmarsa, tsakanin kowane biyu taku ɗaya. Mutumin da ya saba tsayawa minti biyu a wurin ya dubi layin farko, ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya tsallake na biyu, ya isa tabarma ya zauna yana kallonmu. Ranar da gawayin ya goge kuma, ƙaramin almajirinsa ya gano cewa idan ya riƙa tafi yana ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, Malam yana bin bugun ya wuce. Yanzu aikin yaron ke nan kowace asuba.

Ranar 11 ga Afrilu ce ranar wannan ciwo a duniya. Idan ma'aikatarka ta sami rabin awa a gidan rediyon jiha a ranar, likita ɗaya ya zauna ya siffanta carbin da babu carbi da rubutun da ke ƙanƙancewa, na tabbata a Kamba da Yawuri da Zuru akwai gidajen da za su juya su dubi tsohonsu. Amma kafin a kira su asibiti, a tabbatar da maganin yana kan kanta, kada su yi kuɗin mota su zo a rubuta musu abin da babu.

Na ƙirga na Baba jiya da dare, ƙwaya goma sha huɗu suka rage. Na riga na kira direban da ke zuwa Sakkwato ranar Laraba.

Allah ya ƙara wa Mai girma Kwamishina lafiya.

Naka,
wani malamin makaranta daga Argungu.